Ranar da Jar Motata Ta Kafe a Gebe

Shekara goma sha shida na yi ina yawon ƙauyukan Arewa bisa moto, abin da ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira babur. Ni ma'aikaciyar gona ce. Aikina in bi ƙungiyoyin mata in nuna musu irin da ya dace da ƙasarsu, da yadda ake adana wake kada ƙwari su cinye shi kafin bazara. Daga Dogon Dutsi nake tashi, yau Ɗan Kassari, gobe can wajen Tibiri ko Gesheme. Wando nake sawa a ƙarƙashin zane, in naɗe fuska da gyale, in isa gari idona jajur, bayana na ciwo. Na sha faɗuwa a rairayi. Sau ɗaya bututun hayaƙi ya ƙone mini ƙauri, tabon yana nan har yau.

Ranar da na fara ganin irin motar, wata mata ce ta zo da ita daga Yamai, taro ya kawo ta buronmu, wato ofishinmu. Motar ba ta kai girman na manyan gwamnati ba, ba ta kuma kwanta ƙasa kamar tasi ba. Tana da ɗan tsayi, ƙirjinta a buɗe, rufinta ya gangaro ta baya kamar kyanwar da ta yi lamɓo. Matar ta fito cikin farar shadda, ko ɗigon ƙasa babu a jikinta. Ta tura ƙofa da yatsa biyu, ƙofar ta rufe da wata ƙara mai nauyi, a hankali. Ni kuwa a lokacin ina bakin famfo ina kakkaɓe zanena. Sa'ata ce, karatunmu ma kusan ɗaya. Har aka tashi taron ban san abin da aka tattauna ba, ta taga nake leƙen waje.

Shekara uku motar tana raina. Hotunanta sun cika mini waya. Maigidana, malamin kwaleji ne, yakan ce in dai mota nake so in nemi tsohuwa mai ƙwari wadda kowane makanike ya san cikinta. Shawara ya ba ni, bai hana ni ba. Daga ƙarshe na sayar da filin da na tanada a bayan gari don ginin tsufa, na tafi Yamai wurin masu sayar da motocin da aka gama yayinsu a Turai. Can na same ta, ja mai duhu kamar ruwan zoɓo. Mai sayarwa ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Hajiya, ƙaramar kat-kat ce, ba inda ba ta shiga." Kat-kat muke kiran motar da ke ja da ƙafafunta huɗu, irin wadda ba ta tsoron rairayi. Ban ƙara yi masa wata tambaya ba. Ina jin ba na son in ji wata amsa daban.

Ba zan ɓoye daɗin da na ji ba, don in na ɓoye shi sauran labarin ba zai fito daidai ba. Kujerunta na fata ne, masu launin cikin sabuwar ƙwarya, suna rungumar mutum ta kwiɓi. Ba a murɗa mabuɗi, maɓalli ake dannawa ta tashi. In ka rufe gilashi, duniya ta yi shiru: ba kukan jaki, ba ihun ƴan tasha, sai sanyi yana sauka a wuya. Akwai wani maɓallin kusa da giya, in ka taɓa shi muryar injin ta canza, ta yi kauri, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Ranar da na taho da ita, bayan na wuce Dosso kwalta ta miƙe, na danna shi. Na riƙa wuce manyan motocin kaya ɗaya bayan ɗaya, bayana ya manne da kujera, na ji ina dariya ni kaɗai. Tun ina yarinya wani ne ke kai ni ko wani abu ne ke jijjiga ni. Ran nan ni ce na ce a tafi, aka tafi.

A shingen jandarma, waɗanda a da sai sun juya takardun motona gaba da baya, yanzu hannu suke ɗaga mini. Da kaina nake wanke ta kowace safiya kafin in tafi aiki. Na hana a ci ko gyaɗa a cikinta.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Da ƙuruciyarsa direban babbar mota ne a hanyar Gaya. Da mahaifinmu ya rasu sai ya ajiye tuƙi ya koma gida ya riƙe gona da Inna, mahaifiyarmu. Geron da ya noma shi ya zaunar da ni a lakwal, wato makarantar boko, har na gama. Tun da na fara aiki yake kirana Madam, rabi tsokana rabi alfahari. Ni kuwa Yaya nake ce masa.

Garinmu yana can bayan Gesheme. In ka sauka daga hanyar jar ƙasa, sai ka bi turbar amalanke mai nisa, kuma akwai wani gebe a tsakani, inda ruwan sama ke bi da damina. Zuwana na farko da motar lokacin sanyi ne, geben a bushe, na tsallake shi a guje. Gari duka ya fito. Mata suna guɗa, tsofaffi suna sa albarka. Yaya ya matso. Ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya danna taya da babban yatsa.

"Madam, motag ga ta yi kyau, Allah shi sa albarka," in ji shi. "Amma cikinta na kusa da ƙasa, kuma tayunta ba su da nama. Ina ta ajiya?"

Na ce irin waɗannan ba su zuwa da tayar ajiya, wani gwangwani ne ake fesawa in ta yi faci. Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa.

"To. In damana ta kama, ki bar ta gida ki hau motonki."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce a zuciyata, shi motocin da ya sani na zamanin da ne. Na buɗe masa gaba na ce ya shiga in zagaya da shi. Sai da ya zauna ƙafafunsa a waje, ya cire takalma ya buga su da juna, ya share tafin ƙafa da hannu, sannan ya shigo da su.

Damina ta kama, ta yi kyau. Lokacin da gero ya fara fitar da kai aka haifa wa ɗan baffanmu ɗiya, aka aiko mini ranar suna. An yi kwana tara ba ruwa, na ce ai hanya ta bushe. Gaskiyar magana kuwa na ɗinka sabon kaya, ba na son in isa gidan suna da laka a ƙafar wando. Na ɗauki motar. Ran Juma'a na isa lafiya, aka yi suna, na kwana ɗakin Inna. Asabar da sassafe hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai ƙarfi har rana ta ɗaga. Da aka ɗauke, Yaya ya ɗauki hauya ya ce bari ya dubo wake.

Da hantsi muka ji kururuwa daga bakin gari. A amalanken jaki aka kawo shi, yana zaune, ya riƙe ƙafar dama da hannu biyu. Sun kashe macijin sun ɗoro shi a gefe. Ina ganinsa na gane shi: kububuwa ce. A aikina na sha ganin abin da take yi wa manoma. Ba ta kayar da mutum nan take, jininsa take hanawa daskarewa. Saran yana bisa idon sawu, ƴan huji biyu ƙanana, amma jini bai daina tsattsafowa ba.

Wani maƙwabcinmu, magidanci mai sayar da taki, ya riga ya tayar da motonsa. Ya ce, "A ɗora shi tsakiyarmu, ni da wani. Mu bi ta tudu, mu kauce ma gebe. Kahin azahar muna likita."

Na ce a'a. Na ce jijjigar moto za ta sa dafin ya bi jiki, ga mota, zai kwanta ya miƙe ƙafa, ga sanyi, kuma ta fi moto sauri nesa ba kusa ba. Akwai gaskiya a maganar, shi ya sa ta shiga kunnen mutane. Amma na san akwai wani abu kuma a ƙarƙashinta. Ina son a ce ranar da aka shiga uku a gidanmu, motata ce ta fitar da mu. Turbar tudu kuwa ta ƙafa ce da moto, mota ba ta bi. Aka bar mini maganar, don ni ce na yi karatu.

Yaya ya tambaya, "Geben ya kawo ruwa?"

Wani ya ce ya kawo, amma ya janye. Yaya ya dube ni, ya ɗan jima yana dubana. Sannan ya ce, "To, mu tahi yadda ta ce."

Mutum biyu suka tallabo shi zuwa ƙofar baya. Na buɗe. Idona ya sauka kan kujerar, ya koma kan jinin da ke bin dugadugansa. Sai na ji bakina ya ce, "Ku dakata." Na ruga ɗakin Inna na jawo ledar da take shimfiɗawa a kan katifa, na dawo na baza ta a kujera, har ina cusa gefenta. Abin bai wuce minti biyu ba. Duk wannan lokacin yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya rataya a kafaɗun mutane, yana jira.

"Yi haƙuri, Madam," in ji shi. "Zan ɓata miki wuri."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gaske yake ba ni haƙuri.

Matarsa ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta. Ɗan baffanmu, mai jego, ya zauna gaba. Mai moto ya ce ko ya biyo mu a baya, na ce ba sai ya wahala ba. Muka tafi.

Har bakin gebe motar ta yi abin da na faɗa. Tana shan kwana tsakanin gonaki, geron yana shafar gilashi. Da muka iso, ruwan ya janye ɗin, sai ƴar shara-shara a tsakiya da ba ta kai idon sawu ba. Yaya ya ɗaga kai ya ce in tsaya a sauka a taka a ji. Ban tsaya ba. Na ce lokaci ne ba mu da shi. Na danna maɓallin nan, injin ya yi gurnani, na shiga da gudu. Mun ci rabi. Sai na ji wani abu ya daki ƙarƙashinmu, gaban motar ya nutse, muka tsaya cik.

Na taka mai, laka ta yi sama ta rufe gilashin gefe. Na sa baya, na sake takawa. Motar ta ƙara zama.

"Bari takawa da ƙarhi, rami kike gina mata," in ji Yaya daga baya. Ya kasa kunne yana sauraren motar. "Sake, a hankali." Na sake. Ya ce, "Ƙahwahun baya ba su juyawa. Da na gaba kaɗai take ja."

Na ce ba haka ba ne, kat-kat ce. Bai yi mini gardama ba.

Ɗan baffanmu ya sauka, laka ta kama shi har gwiwa. Ya tura, ya haƙa da hannu, ya karyo rassan sabara ya cusa ƙarƙashin taya. Ya ce bari ya koma gari da gudu ya kira mai moto. Na ce ya ƙara gwadawa sau ɗaya, saura kaɗan ta fita. Sau ɗayan nan ya zama sau biyar. Na duba waya, babu layi a cikin kwarin. Allon motar yana ta ƙyafta wasu fitilu, yana ƙara, yana rubutu da wani harshen da ban iya ba. Sanyi kuwa yana ta busowa kamar ba abin da ya faru.

Matar Yaya ce ta fara gani. Ta ce da ƙaramar murya, "Gwaggon yara, dubi bakinai." Na waiwaya. Jini ne ke fitowa daga dasashinsa, ya yi wa haƙoransa ja. Wani tsohon rauni da lauje ya yi masa a ƙauri, wanda ya fara warkewa, shi ma ya buɗe. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi. Tana share masa baki da gefen mayafinta, tana share, jinin yana dawowa.

Akwai rugar makiyaya a kan gangaren. Ɗan baffanmu ya hau can, ya dawo da wani dattijo da ƴaƴansa magidanta biyu da bijimai biyu. Dattijon ya tsaya a bakin gebe ya dubi motar, ya ce, "Wa ya biyo da wagga nan?" Da ya leƙa ya ga mai kwance, sai ya naɗe riga ya shiga laka.

Aka rasa inda za a ɗaura igiya. Gaban motar sumul yake, duk roba, babu ƙugiya ko ɗaya. An ɗaura a wani abu a ƙasa, bijimai suka ja, abin ya ɓalle ya fito da guntun roba. Yaya ne, da muryar da ta fara dusashewa, ya ce a duba cikin but, irin waɗannan ƙugiyarsu a ɓoye take, murɗa ta ake yi. Ni mai motar ban sani ba. Muka zazzage komai kafin mu same ta. Matar dattijon ta sauko da ƙwaryar ruwa, ta miƙa wa matar Yaya ta taga, ta dubi ƙafar, ta kawar da kai.

Azahar ta wuce kafin bijiman su fitar da mu hayin. Na yi hamdala da ƙarfi. Sai ɗaya daga cikin makiyayan ya nuna mini tayar gaba. Ashe kututture ne muka daka a cikin laka, ya tsaga ta ta gefe, tsagar da hannu zai shiga. Na ɗauko gwangwanin nan na fesa, farin kumfa ya riƙa fitowa ta tsagar yana zuba ƙasa. Na tsaya da gwangwani a hannu ina kallo har ya ƙare.

Ɗan baffanmu bai sake tambayata ba. Ya hau kan tudu inda ake samun layi ya kira maƙwabcin. Ba a jima sosai ba moto biyu suka iso. Aka ɗora Yaya a tsakiyar mutum biyu, aka tallafe ƙafar da zane, daidai yadda aka so a yi tun da hantsi. Ni da matarsa muka hau na biyun. Na bar motar a hayin gebe, ban ko kulle ta ba.

La'asar ta kusa muka isa ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu. Ma'aikacin ya karɓe shi da hanzari, ya ɗaura masa ruwa da maganin dafi. Ya tambayi lokacin da aka sare shi. Na faɗa. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya rubuta takarda aka wuce da mu Dogon Dutsi a motar marasa lafiya. Can aka ƙara masa magani, aka nemi jini, na ba da nawa, maigidana ya ba da nasa.

Kwana na biyu ya ji dama-dama har muka fara sa rai. Ya sha kunu. Ya ce a gaya wa maƙwabci ya kula da jakin, kuma waken gonar yamma yana son a ƙara masa noma kafin ya rufe. Da matarsa ta fita wanke kwano, ya juyo ya ce, "An hiddo motar?"

Na fashe da kuka. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Bari wanga," in ji shi. "Macijin ke kinka aje shi cikin wake?"

Na ce da na bari an bi ta tudu. Ya ce shi ma da ya sa takalmin roba. Sai ya ce in aika a ɗauko motar da wuri, kada a cire mata madubi.

Kwana na uku da safe ya ce kansa na sarawa, irin ciwon da bai taɓa ji ba. Jim kaɗan maganarsa ta harɗe, sannan ta ɗauke. Da hantsi ya cika, matarsa na riƙe da hannunsa. Na bi likitan har baranda na tambaye shi, da mun iso da awa uku kafin lokacin da muka iso fa? Ya ce, "Madam, wasu na zuwa da wuri su tafi, wasu su zo a makare su tashi. Ba zan iya ce miki ba." Da ya ce e, ko ya ce a'a, da na san abin da zan ɗauka. Haka ya bar ni.

A bayan akori-kurar wani ɗan kasuwa aka kai shi gida. A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda haka ne. Ba wanda ya ɗora mini laifi, ko da ido. Maƙwabcin mai moto ya zo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa kamar kowa, idonsa a ƙasa, ya tashi ya tafi. Na so ƙwarai wani ya zage ni. Ba a samu ba.

Bayan bakwai aka ɗoro motar a babbar mota aka kawo ta gari. Makiyayan nan sun tsare ta, ko madubi ba a taɓa ba. Makaniken da ya duba ta ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu ya ce, "Hajiya, siffar kat-kat ce kawai aka yi mata. Wannan ta kwalta ce." Na ce na sani. Da na buɗe baya na tarar ledar ta zame tun a hanya, ta dunƙule a ƙasa. Jinin ya bushe a kan fata. Ban bari kowa ya wanke ba, da kaina na wanke. Fatar ta fita tas, amma zaren ɗinkin ya sha, ya koma ruwan ƙasa, duk abin da na sa bai fita ba.

Maigidana ya ce in sayar da ita in huta. Na yarda, har na kira dillali. Ya zo da mai saye, mutumin ya zauna a mazaunina yana gyara madubi, yana shafa sitiyari. Sai na ji ba zan iya ba, na ce na fasa. Na gaya wa maigidana wai don tunawa da Yaya ne. Ya karɓa. Amma ba shi ke nan ba. Har yanzu ina son motar. In na fito da safe na gan ta a inuwa, wani abu yana motsawa a ƙirjina kamar ranar farko, sai kunya ta biyo baya. Ƙauye dai na koma zuwa bisa moto, rani da damina.

Babban ɗan Yaya ya dawo daga ci-rani ya karɓi gonar. Da matar Yaya ta fita takaba za ta koma gidan iyayenta wajen Tibiri, na aika cewa in ta fito bakin hanya zan zo in kai ta. Ta aiko da godiya, ta ce motar kasuwa za ta shiga. Na je dai bisa moto na yi mata rakiya. Muna tsaye a inuwar gawo muna jira, ta ce, "Gwaggon yara, tun ran da kinka zo da motan nan yake son ya ce ki ba shi ya ɗan tuƙa, ko zuwa bakin rijiya. Kullum sai ya ce sai wani zuwan." Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mutumin da ya yi shekaru yana jan babbar mota, na zaunar da shi a gefe ina nuna masa maɓallai. Motar kasuwa ta zo, ta shiga, na ce mata Allah ya kiyaye hanya.

Da bazara ta matso na ɗauko Inna ta zauna wurina, don zafi yana toshe mata numfashi, idonta kuma ya yi rauni. In aka ɗauke wuta da tsakar rana ɗaki ba ya zaunuwa. Wata rana na ga tana haki a tabarma, na rasa yadda zan yi, sai na tayar da motar a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na kunna sanyi, na kamo hannunta. Gaba na buɗe mata, ta ce kujerar ta yi mata rami, na kai ta baya. Ta jingina, numfashinta ya fara sauka. Na zauna a mazaunin direba, ba inda za mu.

Ta ɗan gyara zama. Sannan ta ce, "Nan ya kwanta?"

Na ce, "Nan ne, Inna."

Ta sa tafin hannu ta shafa kujerar a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ta tambaye ni ina kansa yake, na nuna mata. Ta matsa can ta zauna.

Tun daga ranar, duk lokacin da wuta ta ɗauke da rana, da kanta take laluben sandarta ta ce in buɗe mata. Ba ma hira. Tana jan carbi, wani lokaci barci ya ɗauke ta, ni kuma ina zaune a gaba har rana ta yi sanyi ko a kawo wuta. Haka muka yi bazarar nan duka, har ruwan farko ya sauka ta ce a mayar da ita gida, za a yi shuka.